Wutsiyar Saniyar Inna

Mutumin da ya sayar mini da kyamarar bai yi mini ƙarya ba, wannan kam na shaide shi. A bakin kasuwar Dole na same shi, ya baza kayan da ya dawo da su daga Libiya a kan buhu: rediyo, agogo, dutsen guga, sai ita a gefe, 'yar ƙarama mai ruwan azurfa, an ɗaure murfin batirinta da robar tayar keke. Irin wadda ba a sa mata fim ce, kana ɗauka kana ganin hoton a gilashin bayanta. Na tambaye shi ko za ta daɗe.

Ya ce, "Madam, aparai irin wannan ƙiftawarta a ƙidaye take tun daga inda aka ƙera ta. Bature ya ci rabonsa, Balarabe ya ci nasa, ni ma na ɗan taɓa. Abin da ya rage shi ne naki. Ko nawa ne, Allah kaɗai ya sani."

Ya nuna mini aibinta ɗaya bayan ɗaya. Babu katin ajiye hotuna a cikinta, kuma irin katinta an daina yi, don haka 'yan hotuna kaɗan take riƙewa a cikinta. Ramin da ake soka mata waya ya ragargaje. Rubutun da ke fitowa a gilashin ba Faransanci ba ne, ba Turanci ba, ba Larabci ba, wasu ƙananan zane-zane ne da ba wanda ya iya karanta su. Sannan a kusurwar sama ta hagu akwai wani baƙin ɗigo kamar ƙwayar wake. Na ce wannan fa? Ya ce ai tabo ne kawai, ba ya shiga hoto. A nan ma bai yi ƙarya ba, bai dai faɗa mini tabon yana girma ba.

A lokacin ina buga takardu a wani biro, wato ofis, aurena ya mutu, na dawo unguwar Birni ina zaune da mahaifiyata, mu biyu. Saboda Inna na sayi kyamarar. Duk duniya hotonta ɗaya ne, na katin shaida, shi ma ya koɗe har ba a gane mace ce ko namiji. Shekarar ce fara ta sauka a gonaki, ruwa kuma ya ɗauke tun hatsi bai yi ido ba. 'Yan biro suka ce ban da hankali, ana maganar abinci ina sayen abin wasa. Ban kula su ba.

Inna tana da saniya guda, ja, a ƙauyensu da ke kusa da Hamdara. Jikar jikar saniyar da uwarta ta bar mata ce. Mutanen birni ba sa kiwo a gida, ruwan da za mu sha ma sai mun bi layi, don haka saniyar tana hannun ɗan ƙanenta, ɗan Kawu. Yana shan nono, yana samun taki, saniya da 'ya'yanta na mai su ne. Idan kuwa dabba ta mutu a hannun mai kiwo, al'adarmu ita ce ya yanko wutsiyarta ya kawo wa mai ita. Mai ita ya karɓa ya ce Allah ya mayar da alheri, shi ke nan, ba a ƙara tambaya. Tun kakanni haka ake yi, kuma ya isa, don mutum ba ya samun wutsiyar saniya a kan hanya.

Wannan ɗan Kawun taubashina ne. Shi ɗan namiji, ni ɗiyar mace, saboda haka tun muna yara yake kirana baiwarsa, ni kuma ina ce masa mai kan tulu. Tsakanin taubasai babu fushi. Duk abin da ya faɗa maka, ko ya ɗauke maka, dariya ake yi, wanda ya ɓata rai shi ne ya ji kunya. Taubashina ya ƙware a wannan wasa fiye da yadda ya ƙware a noma.

Bayan an kwashe ɗan abin da ya tsira a gonaki, na raka Inna ƙauye gaisuwa, na tafi da kyamarar. Idanun Inna sun yi yana, inuwar mutum kawai take gani, amma da aka kai ta turke sai ta kira saniyar, saniyar ta ɗago kai. Ta shafa bayanta tun daga tozo har gindi, ta kamo wutsiyar tana dariya. Dab da gashin, wutsiyar ta lanƙwashe kamar gwiwar hannu. Ta ce mini, "Kin ga wannan? Aikina ne. Tana maraƙa ta faɗa ramin da ake ɗiban ƙasar gini, maza suna ta neman igiya, ni kuwa na kama wutsiya na fizgo ta. Na ji ƙas a hannuna." Tana cikin wannan dariyar na danna. Ita tana hagu, saniyar tana dama, hannunta a miƙe can ƙasa ta dama riƙe da lanƙwasar. Taubashina yana tsaye a gefe yana cewa baiwarsa ta sayo madubin aljanu.

Da rani ya shigo, abin da ake tsoro ya zo. Tiyar hatsi ta yi tashin da ban taɓa gani ba. Matan ƙauye suka cika tasha da goyo, wasu suna jiƙa 'ya'yan itacen anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita su ci. Maza suka dinga hawa manyan motoci suna yin kudu. A hanyar Mirya, hagu da dama shanu ne a kwance, ungulu ma sun ƙoshi sun bar su. A shekarar nan duk mai wuƙa a aljihu zai iya tara wutsiya cike da buhu kafin ya iso gari.

Wata ranar Alhamis na taso daga biro na tarar da maƙwabta a tsakar gidanmu. Inna tana zaune a tabarma, wutsiyar saniya a kan cinyarta. Matar gidan da ke jikin namu ta ja ni gefe ta ba ni labari. Kawu ne ya zo da ɗansa, sun kawo wutsiya, sun ce jar saniya ta faɗi. Inna ta karɓa, ta bi ta da yatsu daga sama har ƙasa, ta sake bi, sannan ta ce wannan ba wutsiyar saniyarta ba ce, tata tana da karaya. Ɗan ya yi dariya ya ce Gwaggo, wace karaya kuma? Inna ta nace. Murya ta tashi, mata suka shigo. A nan ne Kawu, ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ta goya a bayanta, ya juya ga matan ya ce, "Ku yi haƙuri da ita, Yaya ta fara gigin tsufa. Mun daɗe da lura, kunya ce ta hana mu faɗa." Daga nan ya wuce tasha ya hau motar Nijeriya.

Na ɗauki wutsiyar na duba. Miƙaƙƙiya ce sambal, ja dai kamar tata, an zaɓo da kyau. Na ciro kyamarar na kunna, na nuna wa matan hoton. Suka leƙa, suka ce ai kuwa ga Inna tana dariya, ma sha Allah. Na ce ku dubi wutsiyar. Suka ce su ba su san shanu ba, kuma abin ƙarami ne kamar akwatin ashana, kuma dai magana ce ta dangi.

Wanda bai san Inna ba ba zai gane abin da kalmar Kawu ta yi mata ba. Ita ce ma'ajin unguwa. Matar da ba ta son miji ya san da 'yan kunnenta na zinariya, wadda ke tara tasoshin auren ɗiyarta, wadda ta ɗauki adashe tana tsoron ta cinye, duk wurin Inna suke kawowa. Ba ta gani sosai, ba ta rubutu, amma ba ta taɓa haɗa kayan wata da na wata ba. A cikin makon nan suka fara zuwa ɗaya ɗaya. Wannan ta ce biki ya taso, waccan ta ce za ta kai wa maƙeri gyara. Inna ta dinga miƙa wa kowace nata ba tare da kuskure ba, su kuwa suna buɗewa a gabanta suna dubawa, abin da ba su taɓa yi ba. Suka koma yi mata magana da ƙarfi, a hankali, yadda ake yi wa yaro. Akwatin ƙarƙashin gadonta ya zama wayam.

Na ce zan bi su gida gida da hoton. Ta ce, "Bar su, su ji suka yi. Wanda ya faɗa shi zai janye, a gaban waɗanda ya faɗa wa."

To, wanda ya faɗa yana can wani gari a Nijeriya yana sayar da ruwa ko gadi, ba mai sanin inda yake, kuma ba zai dawo ba sai ruwan shuka ya sauka.

Na tare taubashina ranar kasuwa a inda masu amalanke ke tsayawa. Na kunna kyamarar na sa masa a hanci. Na zaci zai rikice. Bai ko dubi saniyar ba, kusurwar gilashin ya zuba wa ido, inda ƙwayar waken nan ta riga ta zama kamar babban yatsa.

Ya ce, "Baiwata, wannan baƙin fa? Ran da kika zo ƙauye bai kai haka ba."

Na ce, "Ina saniyar Inna?"

Ya ce, "Ai na kawo wutsiya. In kina da magana, ki jira Baba. Sai ruwa ya sauka." Ya yi murmushi ya ƙara da cewa, "In ya sauka. Kayan hannu dai kin san halinsu, Allah ya ba ta tsawon rai."

Ya daki jakinsa ya tafi. A wurin na gane abin da ke tsakanina da shi. Shi yana jiran kyamarata ta mutu, ni ina jiran ubansa ya dawo. Na rantse a raina ko zan bar cin abinci sai tsohuwar aparai ɗin nan ta ga damina.

Na fara neman yadda zan fitar da hoton daga cikinta. Mai shagon intanet ya gwada wayoyi iri iri, ba wadda ta kama a ramin da ya lalace. Wani mai ɗaukar hoto a unguwar Zango ya ɗauki gilashin da kyamararsa ta fim, da aka wanke sai wani farin haske da inuwar hancinsa. Na ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano sallahun kati, ya dawo ya ce masu shaguna dariya suka yi masa. Kowane gwaji kuma sai an kunna ta, kuma duk kunnawa baƙin yana ƙara faɗi. Na daina. Na cire batiran, na naɗe ta a ɗankwalin Inna, na sa a kwanon sha mai murfi, na binne gindin kwanon a yashin da ke ƙarƙashin randa, don na lura zafi yana sa tabon gudu. A garin da ake faɗa a kan bokitin ruwa, ni kullum sai na yayyafa wa yashin nan moɗa guda.

Taubashina bai zauna ba shi ma, ya dinga turo mini mutane don in kunna ta. Sai ga matarsa da jariri, wai a ɗauke su hoto kafin yaro ya girma. Sai ga wani tsoho daga ƙauyen, wai an ce masa ina yin hoton katin shaida kyauta. Sai ga 'yan mata uku sun ci kwalliya. Kowa na ba shi ruwa, na ce kyamara tana hutawa. Matar tasa ta ce ba ta taɓa jin ƙarfe yana hutawa ba. Na ce ni ma ban taɓa jin karayar wutsiya ta miƙe bayan mutuwa ba, amma ga shi a gidanku ta miƙe. Ta saɓa ɗanta ta fita.

Inna ba ta ga ruwan ba. Ba zan ce wutsiya ce ta kashe ta ba, zazzaɓi ne da zafin bazara, kuma kwananta ne ya ƙare. Amma ta rasu matan da ta riƙe wa amana shekara da shekaru suna tambayarta da ƙarfi ko ta gane su. Ta gane su sarai, amsa ce ba ta ga dama ba. Abin da ta dinga tambayata a kwanakin ƙarshe shi ne ko an ce ruwa ya sauka a gabas. Na ce tukuna. Wannan ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

A zaman makoki taubashina ya yi mini abin da ban zata ba. Ya shigo cikin mata yana share ido, ya ɗaga murya ya ce, "Allah sarki Gwaggo! Ai alhamdu lillahi akwai hotonta, tana dariya kamar ta yi magana. Baiwata, ki nuna wa dangi mana, su yi ban kwana da ita." Gidan a cike yake, 'yan'uwa daga Zermu, daga Mirya, tsofaffin da suka yi wasan ƙasa da ita. Duk suka juyo suna kallona. Ta yaya ɗiya za ta hana mutane ganin fuskar uwarta ranar da aka binne ta? Na tono kwanon, na sa batir, na kunna.

Kyamarar ta shiga hannu ta fita hannu. Kowace tsohuwa sai ta dangwala yatsa a kan fuskar Inna, ta danna, ta shafa, ta yi kuka. Ban san matsa gilashin yana watsa baƙin ba sai a ranar. Ina kallo yana malala kamar tawada a tsumma. Wasu suka tafi wasu suka zo, shi kuma yana bakin ƙofa yana faɗa wa kowane sabon zuwa cewa akwai hoto. A rana ta uku baƙin ya haɗiye gefen hagu gaba ɗaya, ya rufe fuskar, ya rufe kafaɗa, ya fara cin bayan saniyar. Na fizge ta daga hannun wata tsohuwa da ta girmi Inna, na kashe, na ce an gama. Ina ji wata ta ce marowaciya, har da fuskar uwa. Wata ta ce a bar ta, abin a jini yake, ta fara gado tun yanzu. Na kalli taubashina, shi ma ya kalle ni, ya ce wasa ne fa, baiwata, kar ki yi fushi.

Abin da ya rage mai haske kusurwar ƙasa ce ta dama, inda hannun Inna yake riƙe da wutsiya. Akwai wani maɓalli da ke ƙara girman hoto, ya kuma bari ka tura shi gefe, don haka da na so zan iya turo fuskar zuwa wurin hasken in gan ta. Amma hakan yana ɗaukar lokaci, kuma lokaci ne ba ni da shi. Duk tsawon jiran nan ban kunna ba ko sau ɗaya. Akwai ranakun da nake zama a gaban randar ina kallon murfin kwanon, ina son ganin dariyar nan kamar in mutu. Sai in tuna murmushinsa a wurin masu amalanke, in tashi in kama wani aiki.

Ruwan ya yi latti, har an fita roƙo fiye da sau ɗaya, amma ya zo. Motoci suka fara dawo da maza daga kudu. Da aka aiko mini cewa Kawu ya iso, na sayi sababbin batira, na naɗe wutsiyar a jarida, na ɗauki kwanon na hau mota.

Na isa da la'asar, maza sun taso daga shuka suna zaune a gindin gawon da ke ƙofar masallaci, mai gari da liman suna ciki. Mace ba ta shiga wannan zama. Amma taubashiya tana iya zuwa ko'ina ta tsokani taubashinta, ba mai hana ta, kuma shi ba shi da ikon tashi. Da makaminsa na zo masa. Na durƙusa na gaida manya, na yi wa Kawu barka da dawowa, ya yi mini ta'aziyya idonsa a ƙasa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Sannan na juya na ce, "Ina ubangidana mai kan tulu? Ya mance wutsiyarsa a birni, na kawo masa." Na warware jaridar na ajiye masa a cinya. Wurin ya ɗauki dariya, har liman. Shi ma ya yi, amma ta tsaya masa a haƙori.

Na buɗe kwanon. Na sa batiran, na ɗaure robar, na danna. Shiru. Taubashina ya gyara zama ya ce, "Allahu akbar, ita ma ta bi Gwaggo." Na sake dannawa na riƙe. Sai ta yi wani gurnani, idonta ya turo waje a karkace, kusurwar nan ta kawo haske. Bai fi faɗin yatsu biyu ba. A ciki ga hannun Inna da zobenta na azurfa, ga jar wutsiya a lanƙwashe dab da gashi.

Ban ba kowa ya riƙe ba. Na kare ta da mayafina saboda rana, na kai gaban mai gari, na kai gaban liman, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi mamaki, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Duk ƙauyen sun san saniyar nan, sun san karayarta, yaransu ma sun sani. Hoton bai gaya musu sabon abu ba, ya dai hana su ci gaba da yin kamar ba su sani ba. Wani tsoho ya ce a hankali, "Ita ce kam. Ina wurin ran da ta fizgo ta daga rami."

Mai gari ya dubi taubashina ya ce ya yi magana. Ya fara cewa wasa, mai gari ya ce wasan ya ƙare. Sai ya faɗa. Tun da sauran nama a jikinta ya kora ta har kasuwar Takieta, can yamma inda ba mai saninsa, ya sayar. Ya sayi hatsi, gida ya ci. Wutsiyar kuwa a hanya ya yanko. Ya ce yara ne za su mutu, me zai yi?

Na ce, "Da ka zo ka ce Gwaggo, yara za su mutu, me kake zaton za ta ce? Matar da ta fizgo maraƙa daga rami da hannunta?" Da ya roƙa, da ta ba shi saniyar har da igiyarta, kowa a wurin ya san haka.

Na zo gaban Kawu daga ƙarshe. Ya dubi ɗan hasken, ya daɗe. Shi ma bai yi mamaki ba, kuma a lokacin na gane da kuɗin wa ya hau motar Nijeriya. Mai gari ya ce za a biya ni karsana idan an yi kaka. Na ce ba saniya ta kawo ni ba, su riƙe. Na ce, "Kawu, kun faɗi wata magana a tsakar gidanmu. Inna ta ce ku ne za ku janye ta, a gaban waɗanda kuka faɗa wa."

Ya ce, "Yaya ba ta rikice ba. Ta fi mu hankali duka. Zan zo Birni in faɗa."

Na ce, "Gida gida."

Ya ce, "Gida gida."

Sannan ya miƙo hannu, bai taɓa kyamarar ba, ya tsayar da shi a iska. Ya ce, "Ɗiyata, hannunta kawai nake gani. An ce tana dariya a ciki. Ban same ta ba, ban ga gawarta ba. Ki nuna mini fuskarta, ko sau ɗaya."

Yatsana yana kan maɓallin. Dannawa kaɗan da turawa, da fuskar ta shigo cikin hasken, da ya gan ta, da ni ma na gan ta bayan duk watannin nan. Liman ya ce nuna masa mana, ɗiya, ai ya tuba. Na dubi Kawu, na tuna akwatin da ya zama wayam, na tuna ta tana tambaya ko ruwa ya sauka a gabas.

Na ce, "Kawu, tsohuwar da ta yi gigi, me za ku gani a fuskarta?" Na kashe, na mayar cikin kwano, na rufe. Na yi wa manya sallama na tafi bakin hanya.

Washegari da safe na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarmar Inna, na zauna a inuwa. Yanzu ba abin da nake tattali, zan turo fuskar in kalle ta har batir ya ƙare. Na danna. Idon ya fito rabi, ya yi ƙara, ya tsaya. Gilashin bai kawo komai ba. Na sauya batir, na sa ta a rana, na sa ta a sanyi, na kai wa mai gyaran rediyo ya buɗe ya rufe. Ƙiftawar da Bature da Balarabe suka rage mini ta ƙare a gindin gawon nan. In wani ya tambaye ni yau ko kyamarar hannu tana daɗewa, sai in ce tawa ta yi daga kaka zuwa shuka, kuma ta yi aikin da na ajiye ta dominsa.

Kawu ya cika alkawari. Ya zo Birni ya bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, ina biye da shi, yana tsayawa a zaure yana faɗa da bakinsa. Wasu matan suka yi kuka, wata ta kawo mini 'yan kunnenta ajiya, na ce ta kai inda take kaiwa. Taubashina bai ƙara ce mini baiwa ba, in mun haɗu a biki sunana yake kira, a hankali.

Bayan wannan Kawu ya yi shekaru yana zuwa gaishe ni duk bayan salla. Yakan zauna a tabarma, mu gaisa, idonsa yana kan kwanon da ke bisa kabad. Wani zuwan sai ya ce, "Tana nan dai?" In ce tana nan. Kuma gaskiya na faɗa, tana ciki, ita da saniyarta, tana dariya. Har ya rasu yana zaton ina buɗewa in kalle ta ni kaɗai duk lokacin da na ga dama. Ban taɓa gaya masa kyamarar ta mutu ba.